Darasi na Tara: Gonarka, Gwamna da Diyya

Idan aka tambayi kowane magidanci a ajin nan gonar da yake nomawa ta wace ce, ba zai yi wata-wata ba zai ce tasa ce. Wani gado ya ci, wani da kuɗinsa ya saya a gaban mai unguwa da shaidu, wani kuma kakansa ne ya sari dajin tun wurin yana makwancin kuraye. Duk gaskiya suka faɗa, kuma a zaman yau da gobe babu mai ja da su. Sai ranar da 'yan safiyo suka sauka da na'urarsu mai ƙafa uku suka fara kafa turaku a tsakiyar dawa, ranar mutum yake jin maganar da bai taɓa ji ba, wai ƙasa duk ta gwamna ce. A darasin yau za mu duba gaskiyar wannan magana da kuma iyakarta, domin tana da iyaka, kuma yawancin asarar da talaka yake tafkawa a kan fili daga rashin sanin iyakar nan take tasowa.

Yadda ƙasa ta koma hannun gwamna

Kafin zuwan Turawa, sarki ne yake riƙe da ƙasa a madadin jama'a, ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa. Baƙo ya zo neman wurin zama, dagaci ya yanka masa daji, ya sare ya noma, 'ya'yansa su gada. In ya ƙaura ya bar ta ta koma daji, a ba wani. Akwai aro, akwai jingina, akwai kyauta, akwai kuma wuraren da ba na kowa ba saboda na kowa ne: burtali, mashaya, maƙabarta, filin idi. Malamai ma ba su bar zancen ba, don Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum yake samun haƙƙi a matacciyar ƙasa.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, jagoransu Lugga ya tara manyan gari ya shaida musu cewa ikon da sarakuna suke da shi a kan ƙasa ya koma hannun gwamnatin Ingila, kuma duk filin da take buƙata za ta ɗauka. A 1910 aka zuba wannan a takarda: ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Bayan samun 'yanci, gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta dokar a 1962, ikon ya koma hannun minista. Saboda haka lokacin da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Filaye ranar 29 ga Maris, 1978, mutanen Kudu ne abin ya fi girgizawa, don su a can dangi da iyali ne suke da ƙasa kacokan a hannunsu. Mu a Arewa tsohon tsarinmu ne aka shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya.

Sashe na 1 na dokar ya ce dukkan ƙasar da ke cikin jiha an damƙa ta ga gwamnan jihar, ya riƙe ta amana, ya gudanar da ita don amfanin 'yan Najeriya duka. Ku lura da kyau: amana aka ba shi, ba kyauta ba. Matsayinsa kamar na wanda aka bar wa riƙon dukiyar marayu ne. Yana da ikon juya ta, amma ba ya da ikon cinye ta ko ya raba wa abokansa. Dokar ta raba ƙasa gida biyu. Wuraren da gwamna ya ayyana a matsayin birni suna hannunsa kai tsaye, sauran kuma ƙaramar hukuma ce take kula da su. Ƙaramar hukuma tana iya ba mutum izinin riƙe har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo. Abin da ya haura haka sai da yardar gwamna.

Sojoji kuma ba su tafi ba sai da suka ɗaure dokar a jikin tsarin mulki na 1979, tana nan kuma a sashe na 315 na tsarin mulkin 1999. Ba a iya taɓa ko da layi ɗaya a cikinta sai da amincewar kashi biyu bisa uku na Majalisar Tarayya da majalisun jihohi 24 cikin 36. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi yunƙurin gyara ta, har ya kafa kwamiti a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma dokar tana nan yadda take.

To, mene ne naka?

Abin da doka ta bar maka shi ne haƙƙin zama da cin moriyar fili. Ba ƙaramin abu ba ne. Da shi kake nomawa, kake gini, kake hana wani shiga, kuma 'ya'yanka maza da mata suna gadonsa bisa shari'ar da ta hau kanka. Tsarin mulki a sashe na 43 ya ba kowane ɗan ƙasa damar samun fili ko gida a ko'ina cikin Najeriya.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, har wasu ma'aikata suna tsorata mutane da shi, wai wanda ba shi da satifiket ba shi da komai. Ba haka doka ta ce ba. Sashe na 34 da na 36 na Dokar Amfani da Filaye sun ce wanda yake riƙe da gida ko gonar da ake nomawa tun kafin dokar ta fara aiki, zai ci gaba da riƙewa tamkar an ba shi izini a rubuce. Gonar da ka gada daga wanda yake nomanta kafin 1978 tana da kariyar doka ko ba ka taɓa taka ma'aikatar ƙasa ba. Inda dokar ta yi yanka shi ne filin birni da ba a gina ba: mai shi rabin hekta kawai aka bar masa, wato fuloti goma da 'yan kai in ana maganar mai ƙafa 100 da 50, sauran ya koma hannun gwamna.

Shi kuma satifiket shaida ce, ba shi ne tushen haƙƙi ba. A shari'ar Ogunleye da Oni a 1990, Kotun Ƙoli ta yanke cewa wanda ya je ya karɓo satifiket a kan filin da dama yana da mai shi, takardar ba ta ba shi komai ba. Wannan ba yana nufin ku yi watsi da neman satifiket ba. Shi banki yake karɓa, shi yake sauƙaƙa shari'a, kuma mai shi ba a cika yi masa hawan ƙawara ba. Na gidan zama yawanci shekara 99 ake rubutawa, ana kuma biyan kuɗin ƙasa duk shekara.

Wani tarkon shi ne na sayarwa. Sashe na 22 ya ce mai izinin gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardar gwamna, abin da aka yi ba da ita ba kuma ɓatacce ne. Wani banki ya ɗanɗana kuɗarsa a kan wannan a shari'ar Savannah da Ajilo a 1989, inda aka rushe jinginar da ya karɓa. Mu duka mun san cinikin filayen awon igiya a bayan gari ba ya bi ta ofishin kowa, daga dillali sai mai unguwa sai 'yar takarda. Jama'a sun saba, hukuma ta kau da kai, amma mai saye ya sani cewa ranar rigima takardar mai unguwa shaida ce kawai ta cewa ya biya kuɗi kuma ya shiga fili.

Sharuɗɗan karɓe fili

A nan ne ya kamata ku buɗe kunne. Gwamna yana da ikon soke haƙƙin mutum a kan fili, amma sashe na 28 ya gindaya masa sharuɗɗa, kuma kotuna sun sha nanata cewa dokar da ke raba mutum da abinsa ba a yi mata sassauci wajen fassara. Gwamnati ta tsallake mataki ɗaya, aikin ya ɓaci.

Da farko dole dalilin ya zama amfanin jama'a. Dokar ta lissafa abin da take nufi: aikin gwamnati, hanyar mota da ta jirgin ƙasa, wutar lantarki da sadarwa, tsaftar gari, makarantu da makamantansu, haƙar ma'adinai, tsara sababbin unguwanni, da bunƙasa noma ko masana'antu. Jerin yana da faɗi, har ma ya yi faɗi da yawa a ganina, don da wuya a rasa inda za a rataya kowane irin aiki a cikinsa. Duk da haka yana da bango. A shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance a 1991, an karɓe fili a Legas da sunan jama'a aka miƙa wa kamfani mai zaman kansa, Kotun Ƙoli ta ce wannan sokewar banza ce. Ba a ƙwace wa Audu a ba Tanko don Tanko ya fi kusa da gidan gwamnati. Idan aka karɓi gonakinku da sunan asibiti, bayan shekara biyu kuka ga an yanka fulotai ana sayarwa 'yan kasuwa suna gina shaguna, kuna da abin faɗa a gaban alƙali.

Na biyu, sanarwa. Ba sanarwar rediyo ba, ba shelar sanƙira ba, ba saƙon baki ta hannun dagaci ba. Doka ta ce jami'in da gwamna ya ba izini ne zai sa hannu a takardar sokewa, a kuma ba mai filin. Sashe na 44 na dokar ya faɗi yadda ake bayarwa: a miƙa masa hannu da hannu, ko a ajiye a gidansa, ko a aika ta gidan waya da rajista, in an bincika an rasa sanin mai shi, a ba wanda aka tarar a wurin ko a liƙa a inda kowa zai gani. Haƙƙinka ba ya faɗuwa sai ranar da takardar ta iso gare ka, ko ranar da aka rubuta a cikinta in ta fi nisa. Jan fenti a jikin katanga ba sanarwa ba ce. Katafilar da ta shiga gona kafin takarda ta iso, kutse ta yi, ko da tambarin gwamnati a jikinta.

Idan Gwamnatin Tarayya ce take son filin, ita ma ta hannun gwamna take bi, sai dai in Shugaban Ƙasa ya ba da sanarwa gwamna ba shi da zaɓi. Abuja ce ta fita daban. Tun dokar da Janar Murtala Muhammad ya kafa a watan Fabrairun 1976 ƙasar yankin duka ta Gwamnatin Tarayya ce, kuma har yau Gbagyi da sauran 'yan asalin wurin suna kokawa a kan diyya da sake matsuguni.

Diyya: abin da ake biya da abin da ba a biya

Sashe na 44 na tsarin mulki ya ce ba a karɓe dukiyar mutum da ƙarfi sai a ƙarƙashin dokar da ta tanadi biyan diyya ba tare da jinkiri ba, ta kuma ba shi damar zuwa kotu. Magana mai daɗin ji. Amma da aka zo lissafi, sashe na 29 na Dokar Filaye ba ya biyan kuɗin ƙasar kanta, tunda a wurinsa dama ba taka ba ce. Abin da ake ba ka a kanta shi ne daidai kuɗin ƙasar da ka biya gwamnati a shekarar da aka soke, in ka biya. Sauran diyya ta abin da ka ɗora a kai ce. Gini, ana ƙiyasta kuɗin sake yin irinsa, a cire tsufan da ya yi, a ƙara ruwa in an yi jinkirin biya. Amfanin gona da itatuwa, jami'in gwamnati ne yake yanka musu farashi.

Ku kwatanta ranar ƙidaya a gonar tudu cikin watan Maris. An girbe tun tuni, an kwashe kara, shanu sun ci sauran. Ma'aikaci yana tafe da littafi a hannu, dagaci a gefensa, yaro yana ja masa awo. Zai ɗaga kai ya ƙirga: ɗorawa uku, kaɗanya biyu, tsamiya ɗaya, kuka ɗaya a kan iyaka wadda maƙwabci ma yake cewa tasa ce. Ya tambaya ko akwai rijiya, a ce babu. Ya rubuta, ya wuce gona ta gaba. Takin da aka yi shekara talatin ana kai wa da jaki, da buhunan dawar da gonar za ta ci gaba da bayarwa har jikoki, babu layin da za a rubuta su. Mai shago a bakin titi yana iya karɓar diyya ya sake gina wani. Manomin da ya karɓi kuɗin itatuwa bakwai ba zai sayi gona da su ba, balle yanzu da hanyar da ake shirin yi ta riga ta ɗaga farashin filayen yankin. A nan dokar ta gaza, kuma ba laifi ba ne a faɗa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne sashe na 6. Ya ce idan aka soke haƙƙin gargajiya a kan filin da ake nomawa, ƙaramar hukuma za ta ba mai shi wata gonar a madadinta. Ba alfarma ba ce, wajibi ne a rubuce, kuma ba a cika cika shi ba saboda ba a cika tambaya ba. Haka kuma wanda gidan zamansa ne ya tafi, sashe na 33 ya ba gwamnati damar ta yi masa tayin wani matsuguni maimakon kuɗi. A nan a yi hattara: wanda ya karɓi matsuguni ya sallama diyya ke nan, in kuma sabon wurin ya fi tsohon daraja, rarar bashi ce a kansa. A wasu jihohi, in gwamnati ta yanka unguwa a gonakin mutane takan ba su wani kaso na fulotan. Wannan tsarin jiha ne, ba ya cikin dokar 1978, don haka a nemi a rubuta shi da lambar kowane fuloti kafin a sa hannu.

Doka ta ce diyya ta mai fili ce da wanda yake zaune a kai, kowa gwargwadon haƙƙinsa. Wanda ya karɓi aron gona ko haya ya shuka rogo, kuɗin rogon nasa ne. Gonar gado da ba a raba ba kuwa, nan ne ake cin haƙƙin mata da marayu: a rubuta sunan babban wa shi kaɗai, kuɗi su shiga asusunsa, ƙannensa mata da ke gidajen aure su ji labari a bakin duniya. Filin da na al'umma ne, gwamna yana iya ba da umarnin a biya al'ummar, ko shugabanta, ko a zuba a wani asusu don amfaninsu. Ku tambaya tun da wuri wanne aka zaɓa. Wanda kuma aka soke nasa saboda ya saɓa sharaɗin satifiket, kamar ƙin biyan kuɗin ƙasa ko sayarwa ba izini, ba ya cikin waɗanda sashe na 29 ya tanadar wa diyya. Ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa, zinariya ko mai, na Gwamnatin Tarayya ne ko a tsakar gidanka aka same su.

Kada a ɗauka zancen diyya ƙaramin abu ne. An gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, aka kammala ta a 1978. Ruwa ya ci garuruwa da gonaki, wasu manoman aka hana su shuka ana gyaran filin ban-ruwa, diyya kuma ta zo a makare, ba ta kai ba, wasu ma ba su gani ba. Da kai ƙara ya gaza, manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Manoman ba madatsar suke ƙi ba, haƙƙinsu suke nema.

Idan abin ya zo kanka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun babu labarin komai, takardar ciniki ta kasance da kwanan wata, da iyakoki huɗu, da sa hannun shaidu. Gado a raba shi a gaban alƙali a karɓi takarda. Rasit na kuɗin ƙasa a adana. Jihohi da dama yanzu suna da ofishin rajistar filaye na kwamfuta, irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna. Kafin ka sayi fili, je ka bincika ko yana cikin wurin da gwamnati ta riga ta karɓa, don akwai masu karɓar diyya da hannun dama su sayar da filin da hannun hagu.

Ranar ƙidaya ka tsaya da ƙafarka a gonarka. Ka ƙirga tare da su, ka sa yaro ya ɗauki hoton kowace bishiya da kowane ɗaki da waya, ka nemi a karanta maka abin da aka rubuta kafin ka dangwala yatsa. Takardar da ba a cike ba, kada ka sa mata hannu ko wa ya ce ka sa. Ka rubuta ranar da sanarwa ta iso gare ka. Waɗanda abin ya shafa su haɗa kai su ɗauki ƙwararren mai ƙiyasin kadara nasu na kansu, su kuma yi yarjejeniyar ladansa a rubuce tun farko, don a nan ma ana yanka mutane.

Idan kuɗin bai gamsar ba, doka ta ce a kai kuka ga kwamitin rabon filaye na jiha. Matsalar ita ce gwamna ne yake naɗa 'yan kwamitin, kuma sashe na 47 ya ce kotu ba ta da hurumin duba yawan diyya. Sai dai a 1986, a shari'ar Kanada da Gwamnan Jihar Kaduna, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce wannan hani ya ci karo da tsarin mulki, don haka ba ya aiki. Ƙalubalantar sokewar kanta, cewa ba a ba da sanarwa ba ko ba don jama'a aka yi ba, Babbar Kotun jiha ake kai shi, kuma a gaggauta ganin lauya, don ƙara tana da wa'adi. Wanda ba shi da halin lauya yana iya fara kai kokensa Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda ba a biyan ko kwabo.

Aikin aji

1. Wani manomi ya tashi da safe ya tarar an kafa turaku a gonar da ya gada, dagaci ya ce masa daga sama aka turo. Waɗanne tambayoyi ya kamata ya fara yi, kuma wa zai yi wa?

2. Wata mata tana noman albasa a fadamar da mijin yayarta ya ba ta aro. Hanya za ta bi ta wurin. Me ya kamata a biya ta, me ya kamata a biya mai fadamar?

3. Ku kasu gida biyu. Ɓangare ɗaya ya kare tsarin biyan diyyar abin da ke kan ƙasa kaɗai, ɗayan ya kawo hujjar a riƙa biyan kuɗin ƙasar kanta a farashin kasuwa.

4. Kafin zama na gaba, kowa ya zana taswirar gonarsa ko gidansa a takarda, ya rubuta sunan maƙwabtansa na gabas da yamma da kudu da arewa, ya lissafa itatuwa da rijiya da gine-ginen da ke ciki, ya kuma zo da jerin takardun shaidar da yake da su a hannu.